Shagon tukwane a Jos: a bar shi a buɗe ko a raba shi da bango?

Hajiya, kin ce kin kama shago mai tsawo a Jos, za ki riƙa gina tukwane kina sayarwa a wuri guda, kina tambaya ko ki bar shi fili ɗaya ko ki raba wurin gini da wurin ciniki.

Buɗaɗɗen shago ya fi jan mai saye. Wadda ta shigo neman kaskon turaren wuta, in ta ga yumɓu yana tashi a hannun magini, da wuya ta yi miki tayin wulaƙanci, don ta ga wahalar da idonta. A cibiyar tukwane ta Ushafa kusa da Bwari, wadda Bill Clinton ya ziyarta a 2000, kallon aikin ma kansa yana kawo baƙi. Ga haske ko'ina, ga kuɗin bulo ya huta.

Amma fa akwai ƙura. Busasshen yumɓu yana ɗauke da silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, kuma shaƙarta shekara da shekaru tana lalata huhu. A fili ɗaya, ita ce za ta kwanta a kan kayan da kika jera, ke da masu saye ku shaƙa. Sai hunturu: ƙofar shago a buɗe take wuni, iskar Jos ta busar da bakin tulu alhali gindinsa da danshi, sai ya tsage. Ban da yara, da bakin hijabi da zai share ɗanyar tukunya ba a sani ba.

Bango yana maganin duk wannan, sai dai bayan shagon zai yi duhu, kallon kuma ya tafi.

Ni dai da ni ce, bulo zan ɗora zuwa ƙugu, in sa gilashi daga nan zuwa sama, da ƙofa mai rufuwa. A ɓangaren gini a yi daɓen siminti sumul, a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Ruwan wanke hannu ya fara zuba a bokiti laka ta kwanta, in ba haka ba bututu zai toshe.

Wurin gasa tukwane kuwa, ko wanne kika zaɓa, waje zai tafi. Wutar tana kaiwa digiri 1,000, kayan da ake wa ƙyalli ma har ta haura 1,200. A ɓangaren ciniki kuma ki ajiye randuna a ƙasa, kofuna da kasake a kan kanta daidai ido.