Wata 10 ina ɗaure babur da sarƙa mai kilo 8

Ranar da aka ɗauke babur ɗin abokin aikina, makulli na cikin aljihunsa, kuma ya kulle kan babur ɗin kamar yadda ya saba. Ya shiga ya fito, bai fi rabin sa'a ba, sai ya tarar da wuri wayam. Daga baya wani makanike ya kwance mana irin wannan makullin kan muka gani: ɗan ƙarfe ne siriri, bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba, wanda duk mai ƙarfi zai iya karya shi. A makon da abin ya faru na sayi sarƙa. Yau wata 10 ke nan ina fama da ita, kuma da gangan na ce fama.

Tawa kaurin ƙarfen kowane zobe milimita 16 ne, tsawonta mita ɗaya da rabi, an sa mata rigar yadi don kada ta kankare fenti. Na ɗora ta a sikeli ita da kwaɗonta, sun kusa kilo 8. Da farko mai milimita 10 na yi niyyar ɗauka, don ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, sai na tsaya na bincika dalilin bambancin. Babban makamin ɓarawon babur almakashin ƙarfe ne mai dogayen hannuwa, ba ya ƙara, kuma yana datse siraran sarƙoƙi cikin ƙiftawar ido. Sarƙa in ta kai milimita 16, kuma ƙarfenta mai tauri ne da aka gasa, bakin almakashin ba ya samun yadda zai cije ta da kyau. Kaurin kaɗai ba ya wadatarwa. Akwai sarƙar jan kaya mai kauri sosai amma ƙarfenta laushi gare shi, zarto ma yana cin ta. Wadda aka ƙera don tsaro ana gasa bayanta ya yi tauri, a bar cikinta da ɗan danƙo, don in an buga mata guduma kada ta fashe kamar tangaran.

Da yake ido ba ya gane wannan, na nemi wadda ke da shaidar gwaji. Akwai cibiyar gwajin makullai mai suna Sold Secure a Ingila, wadda 'yan sanda suka kafa a 1992, yanzu tana hannun ƙungiyar masu sana'ar makullai ta ƙasar. Akwai kuma ART a Holan, mai ba da taurari daga 1 zuwa 5, inda 4 da 5 ne matakin babura. Su kan sa kayan fasa makulli su far wa sarƙa, su ga tsawon lokacin da za ta jure. Rubutun da kamfani ya yi wa kansa a jikin kwali bai dame ni ba, kowa yabon hajarsa yake yi.

A wata na farko na yi wauta iri-iri. Nakan zura sarƙar a tayar gaba in kulle, in tafi ina jin na gama. Ashe tayar gaba ita ce mafi sauƙin kwancewa, a bar maka ita da sarƙarka a tafi da saura. Na koma tayar baya, wadda ta fi wuyar cirewa, in kuma wuri ya ba da dama sai in bi da sarƙar ta cikin firam. Wauta ta biyu ta fi wannan muni: ina ɗaure babur da kansa, ba a jikin komai ba. Babur ɗin da bai wuce kilo 120 ba, ƙarti uku za su cicciɓe shi da sarƙar da komai su jefa a bayan mota, su je su yanke ta a inda ba mai ganinsu. Sarƙar da ba a ɗaure ta da turke ba, nauyi kawai ta ƙara wa masu ɗauka. Shi ma turken sai an duba shi. Na taɓa ɗaurewa a jikin wani ƙarfe da na ga ya tsaya ƙyam, da na dawo na jingina da shi sai na ji yana lilo, ashe ko yaro zai tumɓuke shi. A gida na sa mai walda ya yi mini zobe mai kauri, aka binne gindinsa cikin kankare a lungun da nake ajiye babur.

Abu na uku, wanda ban taɓa tunaninsa ba sai da aka gaya mini, shi ne kada sarƙa ko kwaɗo su kwanta a ƙasa. In suna ƙasa, ka ba ɓarawo maƙera: zai sami inda zai dake su da guduma, ko ya kafa hannun almakashi ɗaya a ƙasa ya hau ɗayan da dukkan nauyinsa. Yanzu ina naɗe rarar ne har ta ɗame tana rataye, ramin makullin yana kallon ƙasa don kada ruwa ya shiga.

Kwaɗon da ta zo da shi na yaba masa. Kafaɗunsa sun rufe wuyan, in an kulle ba abin da ya rage a fili da za a kama a yanka. Aibinsa ɗaya, bayan ya sha ruwan sama na wasu makonni makullin ya fara cijewa, har wata safiya na yi minti 10 a tsugune ina lallashinsa, ga sauri ina yi. Da na fara ɗiga masa man makulli duk wata sai ya daina. Rigar yadin ma tana riƙe danshi, ƙarshen zobban sun fara nuna jan tsatsa, kodayake a sama ne kawai.

Sau ɗaya aka gwada ta. Na fito da safe na ga an yage rigar a wuri guda, a jikin zobe ɗaya kuma ga shatar haƙoran almakashi guda biyu, kamar an ciji ƙashi an haƙura. Babur yana nan. Na daɗe ina shafa wurin da yatsa. Amma ba na yaudarar kaina: injin yankan ƙarfe mai faifai, wanda yanzu ake yin sa da batir, yana cin kowace sarƙa in an ba shi lokaci. Abin da kaurin ke yi shi ne tilasta wa ɓarawo ya daɗe yana ƙara da tartsatsin wuta, kuma sau da yawa sai ya yanka zobe gefe biyu kafin ya buɗe. Shi ya sa na fi son in ajiye inda jama'a ke wucewa, in kuma lulluɓe babur da tampol da dare.

Nauyin nan da ya cece ni, shi ne kuma babban abin da nake ƙorafi a kai. Kilo 8 a bayan babur ana jin sa a kwana, sai an ɗaure shi tam da roba. Kada wanda ya rataya ta a kafaɗa ko ya yi ɗamara da ita yana tuƙi, domin in aka faɗi, ita za ta karya haƙarƙari kafin kwalta. Gaskiya akwai ranakun da na dube ta na ce yau dai ba nisa zan yi ba, na bar ta a gida, kuma irin wannan 'yar tsayawar ce ta ci babur ɗin abokina. Dole na sayi ƙaramin makullin faifan birki don gajerun tsayawa, da igiyarsa mai launi da ake maƙalawa a hannun babur don tunatarwa, bayan na taɓa mantawa da shi na ja babur na kusa kifewa.

Wanda babur ɗinsa ke kwana a waje, kuma yana da inda zai kafa turke, ya sayi mai milimita 16 ko sama, ba zai yi nadama ba. Mai yawo wuni guda yana tsayawa nan da can, mai milimita 13 da zai riƙa ɗauka kullum ta fi masa amfani. Da zan sake saye, mita 2 zan ɗauka, don sau da yawa taƙi ɗaya ke hana tawa zagaye turke.