Sharhi kan horon asibiti na zaɓi ga shugabannin makarantun yara masu buƙata ta musamman

A cikin kwas ɗin da ake shirya wa shugabannin makarantun yara masu buƙata ta musamman akwai wani ɓangare da ba na dole ba, inda ake tura wanda ya so zuwa sashen yara na wani babban asibiti a jihar Zamfara, ya zauna tare da likitoci yana kallon yadda ake duba yaran da girman ƙwaƙwalwarsu ya samu tangarɗa. Tsarin ya ɗan yi kama da shirin LEND na Amurka, wanda ke haɗa malamai da likitoci da iyaye a horo ɗaya, sai dai namu bai kai shi faɗi ba. Na zaɓi wannan ɓangare, kuma a ganina ya cancanci wahalarsa.

Mafi amfani a cikinsa shi ne sauraron tambayoyin da likita ke yi wa uwa. Yakan tambayi ko naƙuda ta yi tsawo, ko jariri ya yi kuka da ya faɗo, ko shawara ta kama shi a makon farko, ko ya taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai kai yaro ga jijjiga, da watan da ya fara zama da rarrafe. Mu malamai ba ma ganin yaro sai ya kai shekara shida ko fiye, lokacin da gida da unguwa sun riga sun yanke masa hukunci. A ɗakin likita ake gane cewa wanda ake kira mai taurin kai wataƙila sanƙarau ne ya taɓa masa ji, kuma yarinyar da ke ƙura ido na ɗan lokaci a aji, a kira ta ba ta amsa, tana iya kasancewa da wani nau'in farfaɗiya da magani ke dannewa, alhali a gida ana ta yi mata turaren iska.

Na yaba da yadda likitocin ba su manta da inda muke ba. Tun bala'in gubar dalma na 2010, wanda ya kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, tambayar ko ana niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gida ta zama tambayar da ba a tsallakewa. Maganin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta riƙa bayarwa yana rage dalmar da ke cikin jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwa, saboda haka ragowar aikin yana kan makaranta, kuma shugaban da bai san wannan ba zai yi ta ɗora wa malamansa laifin da ba nasu ba.

Inda horon ya yi rauni shi ne kayan gwaji. Takardar M-CHAT da ake tantance lalurar otizim da ita, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, an tsara ta ne domin yara 'yan wata 16 zuwa 30, ga shi kuwa yawancin waɗanda ake kawowa sun wuce nan nesa. Da Turanci take, kowace nas tana fassara ta yadda ta ga ya dace, har da tambayar da ke ba da misali da ƙarar injin sharar ɗaki, abin da uwa daga ƙauyen Maradun ba ta taɓa gani ba. Haka kuma ana yawan dogara da ko yaro yana haɗa ido da mai magana, a ƙasar da sunkuyar da kai gaban babba yake cikin tarbiyya. Ban ga mai koyar da magana ba, sai masu gashin ƙashi kaɗai, su ma layi ya yi musu yawa. Wani abin da bai yi mini daɗi ba shi ne ba kullum ake neman izinin uwa ba kafin baƙi maza su zauna suna jin labarin haihuwarta.

Babban giɓin kuma shi ne ba a nuna yadda za a mayar da bayanin likita ya zama darasi a aji. Dokar hana wariya ga masu nakasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su damar karatu kyauta har sakandare, amma hanyar da takarda za ta bi daga asibiti zuwa makaranta babu wanda ya shata ta. Kuɗin mota da na masauki a kan mai zuwa suke. Wanda zai je ya nemi a sa shi ranar da ake duba masu farfaɗiya da ranar gashin ƙashi, ya kuma roƙi samfurin takardar tura yaro asibiti kafin ya koma makarantarsa.