Kuɗin wuta da gas a Birtaniya: ka tsaya da kamfaninka ko ka sauya?

'Yan uwa da ke zaune a Ingila, Scotland da Wales, musamman waɗanda suka zo karatu ko aikin asibiti suka kama haya, ga abin da ba a cika gaya wa baƙo ba. Ranar da ka shiga gida, kamfanin da ke ba gidan wuta da gas ya riga ya ɗora ka a kan farashinsa na gama-gari, mai hawa da sauka, ko da ba ka sa hannu a komai ba. Idan sunanka ne a takardar biya, kana da ikon sauya tsarin farashi ko kamfani, ko da gidan na haya ne.

A da, kamfanoni kan ɓoye farashi mai sauƙi don sababbin kwastomomi kaɗai, tsoho kuma da ya shekara biyar yana biya ba gardama a bar shi da mai tsada. Bayan tashin farashin gas na 2021, lokacin da kamfanoni kusan 30 suka durƙushe, har da Bulb mai kwastomomi fiye da miliyan ɗaya da rabi, hukumar Ofgem, mai sa ido kan kamfanonin wuta da gas, ta hana wannan a watan Afrilu 2022. Duk tsarin da kamfani ya tallata wa sabon shiga, dole tsohon kwastoma ma ya iya karɓarsa. An kuma bar wa kamfanoni damar ware tsayayyen farashi na musamman ga tsofaffin kwastomominsu kaɗai. Dokar ta wucin gadi ce, ana ta tsawaita wa'adinta, don haka ka leƙa shafin Ofgem ka tabbatar tana nan. Amfaninta gare ka shi ne kafin ka je ko'ina, ka fara tambayar kamfanin da kake ciki: wane tsari kuke ba sababbi, wane kuma kuka ware wa irinmu?

Zaɓin da nake so, ba na ɓoyewa, shi ne tsayayyen farashi na shekara ɗaya, wanda kuɗin fitarsa, wato abin da ake caji idan ka bar tsarin kafin wa'adi, kaɗan ne ko babu. Dalilina shi ne yadda iyakar farashin Ofgem, wato ƙololuwar abin da kamfani zai iya caji a farashin gama-gari, ke yawo. An kafa ta a Janairu 2019, kuma tun Oktoba 2022 duk wata uku ake sake lissafa ta. Ga gida matsakaici, ta tsaya a fam 1,277 a shekara a Oktoba 2021, ta kai fam 4,279 a Janairu 2023, sai da gwamnati ta sa hannu ta riƙe abin da jama'a ke biya a fam 2,500. Ta sauko fam 1,568 a Yuli 2024, ta koma fam 1,849 a Afrilu 2025. Mai albashi ɗaya, da haya a kansa, ga 'yan uwa a gida suna jiran aike ƙarshen wata, ba zai iya tsara kasafi a kan lambar da ke motsi haka ba. Tsayayyen farashi yana kulle kuɗin kowane yunit da kuɗin kullum, wato cajin da ake yi kowace rana ko ba ka sha wuta ba, na tsawon wata goma sha biyu. Idan farashi ya tashi da hunturu, babu ruwanka. Idan ya faɗi sosai, ƙaramin kuɗin fita ba zai hana ka tafiya ba. Doka ma ta ce a kwanaki 49 na ƙarshen yarjejeniya ba a cajin kuɗin fita, kuma bayan ka amince da sauya kamfani kana da kwana 14 na janyewa.

A kula, abin da aka tsayar farashin yunit ne. Idan ka bar na'urar ɗumama ɗaki tana ci dare da rana, takardar za ta kumbura. Haka ita ma iyakar Ofgem: lambar da ake faɗa a labarai ta gida matsakaici ce, wanda a 2025 aka ƙiyasta yana shan kimanin yunit 2,700 na wuta da 11,500 na gas a shekara; wanda ya sha fiye zai biya fiye.

Zama a farashin gama-gari ba laifi ba ne ga wanda zai bar gida nan da wata biyu ko uku, tunda babu kuɗin fita. Tsarin da ke bin farashin kasuwa kullum, wannan na masu ƙarfin zuciya ne. Tsari mai arha da tsakar dare kuma sai mai motar lantarki. Tsayayyen farashi na shekara biyu ya yi tsawo ga mai biza da bai san inda aiki zai kai shi baɗi ba.

Abin da na fi dubawa yanzu, ya ma fi sunan kamfani muhimmanci a wurina, shi ne yadda aka lissafa kuɗin wata. Wani kamfani ya taɓa jawo ni da ƙaramin adadin da za a riƙa cira daga banki duk wata, ashe ƙiyasin abin da gidan ke sha suka rage. Hunturu na wucewa suka ce bashi ya taru, suka ɗaga cirar da kusan rabi. Saboda haka kada ka kwatanta kuɗin wata da kuɗin wata. Ɗauki takardarka, nemi adadin yunit da ka sha a shekara, ka ninka da farashin yunit na kowane tsari, ka ƙara kuɗin kullum sau 365. Gidan da ba ya shan wuta sosai, kamar ɗakin ɗalibi, kuɗin kullum ɗin nan ne ke cinye shi, domin ana cajinsa ko ka yi tafiya ka kulle gida. Ka ɗauki hoton mita ranar shiga gida da ranar sauya kamfani. Idan kuma laifin kamfani ne ya sa ba a caje ka daidai ba, ba shi da ikon bin ka kuɗin abin da ya wuce wata 12.

Sai 'yan damfara, waɗanda baƙo ne abincinsu. Ofgem hukuma ce mai sa ido, ba ta sayar da wuta, ba ta zuwa ƙofar gida, ba ta kuma neman lambar asusunka. A 2022, da gwamnati ta ba kowane gida rangwamen fam 400, saƙonnin bogi da sunanta sun cika wayoyi suna cewa a danna a cike bayanan banki, alhali kuɗin kai tsaye yake shiga ba tare da an nema ba. Irin saƙon nan bai ƙare ba, riga kawai yake sauyawa, har da sunan rangwamen hunturu na fam 150 da ake ba masu ƙaramin ƙarfi. Ka tura shi ga 7726, lambar kai rahoton saƙonnin damfara, kyauta ne, sannan ka goge.

Masu mita mai kati su fi kowa lura. Akwai masu yawo gida-gida da makullin lodi na jabu, su ce za su saka maka wutar fam 50 a kan fam 25. Kamfani zai gano, kuma zai bi ka cikakken kuɗin, ka biya sau biyu ke nan. Wanda kuma ya ce zai taɓa maka mita ta rage gudu, ko ɗan garinku ne, ka sallame shi tun daga bakin ƙofa: laifi ne a doka, ga haɗarin gobara da fashewar gas a gidan da yaranka ke kwana. Wanda ya ƙwanƙwasa ya ce "mu ga takardar biyanka kawai", kada ka miƙa, domin lambobin mitar da ke jiki sun isa a sauya maka kamfani ba da saninka ba. Kiran waya mai cewa farashin na yau ne kaɗai, kashe ka kira lambar da ke kan takardarka.

Idan rigima ta haɗa ka da kamfani, rubuta musu koke ka ajiye kwafi. Bayan mako takwas ba a warware ba, ka kai ƙara wurin Energy Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin kwastoma da kamfani, ba a biyan ko sisi, kuma hukuncinsa yana hawa kan kamfanin idan ka amince da shi. Citizens Advice, ƙungiya mai ba jama'a shawara, su ma suna taimakawa wajen rubuta koken.