Garejin gyaran ƙafar mota da na yarda da shi a Sabon Gari

Akwai wani gareji a Sabon Garin Zariya, ta wajen Muciya, da ya kamata duk mai motar da sitiyarinta ke wasa ya san da shi. Ba shi da allo, rumfar kwano ce a gindin darbejiya. Aikin ƙafar mota kaɗai suke yi: tayarod (ƙarfe mai ƙwallo a kai da ke haɗa sitiyari da taya), boljoyin, bushin da shokabzoba. Ba sa taɓa inji.

Corolla ɗina na kai musu. Tsakanin Kwangila da Samaru sai in ji motar tana yawo a kan titi, in murza sitiyari kaɗan ba ta amsa nan take ba, in ta faɗa rami kuma sai ƙarar ƙwas-ƙwas daga gaba. Tayar dama ta cinye ta gefen ciki, wajenta kuwa da sauran zane. Wani bakanike a wani wuri ya riga ya ce mini rak ɗin sitiyari ne gaba ɗaya, tun bai ko duƙa ya leƙa ba.

Ogan wannan garejin bai yi maganar kuɗi ba sai da ya sa jak ya ɗaga motar. Ya kama tayar, hannu ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya girgiza. Ta motsa, har da ƙara. Ya sake kama ta sama da ƙasa, ba ta ko gezau ba. Ya ce, "Malam, zo ka sa hannunka a nan." Na dafa kan tayarod ɗin waje yayin da yaronsa ke girgiza tayar, na ji ƙwallon yana wasa a cikin gidansa. Ya bayyana mini cewa wasan dama da hagu galibi na tayarod ne, na sama da ƙasa kuma boljoyin ko berin ake zargi. Robar da ke rufe ƙwallon ta yage, giris ya fice, ƙurar hunturu da ruwan damina suka shiga suka cinye ƙarfen. Tayarod na ciki, wanda suke kira rak-en, ya matsa robarsa ya gwada, ya ce lafiyarsa ƙalau, kada in kashe ko kwabo a kansa. Wannan maganar ce ta sa na yarda da shi, domin da ya ce in saya, da na saya.

Kayan ni na je na sayo da yaronsa. Ya ba ni shawarar tayarod mai tambarin 555 na Japan, ya kuma gargaɗe ni cewa jabunsa ya cika kasuwa. Da muka dawo ya murza ƙwallon da yatsa, ya ce sabo na ƙwarai da tauri yake juyawa. Na dama da na hagu ba ɗaya ba ne a wannan motar, kuma duka biyun muka canza tunda na hagun ma robarsa ta tsage.

Yadda ya kwance tsohon ya burge ni. Ya sassauta notin da ke riƙe shi, ya bugi gefen ƙarfen da ƙwallon ke zaune a ciki maimakon kan zaren, sannan ya ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, ya mayar da sabon da adadin nan. Ya sa sabon fil a notin ƙasa. Sau da yawa na ga inda ake lanƙwasa ƙusa a cusa a wurin, alhali in notin nan ya kwance kana gudu a hanyar Kaduna, tayar ta daina bin sitiyari ke nan.

Inda suka gaza shi ne ba su da na'urar alaimen, wato ta daidaita saitin tayoyi. Shi da kansa ya ce ƙirga zagaye zai kai ni wurin masu na'ura ne kawai, dole in je ranar, in ba haka ba tayar za ta ci gaba da cinyewa. Ƙarin tafiya ne da ƙarin kuɗi. Wurin zama ma benci ɗaya ne, kuma da rana ta take motoci sun yi layi.

Kuɗin aikinsa bai kai rabin kuɗin sabuwar taya ba, kuma tsofaffin kayan a leda ya miƙo mini ban tambaya ba. Mai zuwa ya yi sammako, ranar Juma'a kuwa kafin azahar sun rufe.