Geha, Ishapore ko Gras: wacce tsohuwar bindiga ce ta cancanci kuɗinka?

Bayan yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta taƙaita makaman Jamus, maƙera sun riƙa mayar da bindigar soja ta Mauser 98 ta koma ta farautar tsuntsaye, ana sayar da ita da sunan Geha ko Remo. Ita ce ta fi jan ido saboda sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado. Don harsashi mai kauri ya samu shiga, sai da aka cinye mafi yawan haƙoran gaba masu kulle sakatar (ƙarfen da ke tokare harsashi ta baya), aka bar na baya, wanda asali na ko-ta-kwana ne, yana ɗauke da nauyin. Kan sakatar kuma ɗan ƙarfe ne mai cirewa, yana iya faɗuwa ba ka ankara ba. In aka harba babu shi, gindin kwanso kan fashe, wuta ta nufo fuska. Duk wadda ka gani babu wannan ƙarfen, ko kyauta ce ka bar ta.

Sai mazaunin harsashi. Da yawansu milimita 65 ne, alhali harsashin da ya cika kasuwa yau 70 ne. Zai shiga lafiya lau, domin tsawon da ake rubutawa na kwanson da ya riga ya buɗe ne. Sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa, matsi ya ƙaru a kan sakatar da dama an rage mata ƙarfi. Maƙerin bindiga ne zai auna maka, kada ka dogara da bakin mai sayarwa.

Ni dai na fi natsuwa da ta Ishapore, wato bindigar sojan Birtaniya ta Lee-Enfield da aka mayar mai cin ƙaramin harsashin tsuntsu na .410 a Indiya domin 'yan sanda da masu gadi. Ba a taɓa makullin sakatarta ba, harsashi ɗaya take ci. Sai dai asalinta kwanson harsashin soja na .303 aka yi wa mazauninta, daga baya aka faɗaɗa wasu su karɓi .410 na kanti. Ka tabbatar wacce ce a hannunka kafin ciniki.

Gras ta Faransa, ƙirar 1874, ta zamanin baƙin albarushi ce, wurinta bango, don ado kawai.

Wajen farashi, masu tara kayan tarihi sun fi daraja wadda ba a taɓa sauya ta ba, don haka kada a caje ka kuɗin Mauser a kan Geha. In a Nijeriya kake, lasisin 'yan sanda wajibi ne kafin ka mallaki kowace daga ciki.