Madubin hangen nesa mai milimita 70: kwalin ya yi ƙarya, wata bai yi ba

Haushi ne ya sa na sayi wannan madubin. A watan Yunin 2024 kumbon Chang'e 6 na ƙasar Sin ya dawo da ƙasa da duwatsu daga bayan wata, ɓangaren da ba ya taɓa fuskantarmu, abin da babu wanda ya taɓa yi. Na kawo wa 'ya'yana labarin jikina na rawa, babban ya ce "To, Baba," bai ko ɗago kai daga waya ba.

Ban ga laifinsa sosai ba, gajiyar nan ta girme shi. A Yulin 1969 kimanin mutum miliyan 600 suka kalli Neil Armstrong yana taka wata. Bayan wata tara kacal, manyan tashoshin talabijin na Amurka ba su ko nuna shirin da 'yan sama jannatin kumbon Apollo 13, masu tafiya wata, suka aiko kai tsaye ba, sai da tankin oksijin ɗinsu ya fashe sannan kallo ya koma sama. Daga Disambar 1972 kuwa babu ƙafar da ta sake sauka can.

To, ga madubin. Zan fara da kwalin, don shi ya fi ɓata mini rai. An zuba masa hotunan taurari ja da shuɗi irin waɗanda babban madubin Hubble ke ɗauka daga sararin samaniya, an rubuta cewa yana ƙara girman abu fiye da sau 500. Zuƙi ta malle. Gilashin gaba mai faɗin milimita 70 iyakarsa wajen sau 140, ka wuce nan sai dishi-dishi. Gilasan ido biyu ya zo da su, ɗaya sau 28, ɗaya sau 70, kuma na farkon na fi ɗorawa. Ƙafafunsa uku ba su da nauyi, ɗan taɓi kaɗan hoton ya kama rawa kamar mazari. Na rataya masa jakar yashi a tsakiya, ya ɗan nutsu. Ga shi duniya na juyawa, ba ta tsaya jiranka ba: ka saita abu, ka juya ka kira yaro, kafin ya iso abin ya sulale gefe.

Daren farko na yi kuskure, na fara da duniyar Mars. Ɗigo ne ja-ja, ƙanƙani. Yaran suka leƙa, suka ce "Shi ke nan?" Idon da ya saba da hotunan James Webb, babban madubin da ke sararin samaniya, me zai yi da ɗigo?

Sai wata. Kada ka jira ya cika, haskensa zai kashe maka ido, komai ya baje. Nemi daren bakwai ko takwas, ka bi layin da ya raba haske da duhu. Nan ramuka ke fitowa da inuwarsu, tsaunuka na tsaye, wani ƙololuwarsa kaɗai rana ta taɓa, yana ƙyalli shi kaɗai cikin duhu. Bayan kwana biyu ramin Copernicus ya bayyana, faɗinsa kilomita 93, kamar an dangwala yatsa a toka. Ƙaramar 'yata ta sa ido ta yi tsit, can ta ce, "Baba, ashe wuri ne." Duniyar Jupita ma ba ta ba ni kunya ba: watanninta huɗu a jere, waɗanda masanin taurari Galileo ya gani a 1610 da madubin da bai kai wannan ba, kuma kowane dare sun sauya wurin zama. Zoben duniyar Zuhal (Saturn) ƙarami ne ƙwarai, amma zobe ne, ba musu.

Mai neman hoton da zai ɗora a Facebook ya bar kuɗinsa a aljihu. Mai haƙuri ya saya, amma ya duba ƙarfin ƙafafun kafin komai, kuma kada ya kuskura ya nufi rana da shi, makanta ce nan take.

Babban nawa dai ya tambayi ko za a ga tutar da Armstrong ya kafa. Na ce daga nisan kilomita 384,000 ba mai ganinta, amma ga filin nan mai duhu inda suka sauka. Ya daɗe a sunkuye, wayarsa na ƙara a aljihu.