Hoton Ƙawanyar Breda: Wanne Ya Kamata Ka Saya?

Mai neman hoton ƙawanyar da sojojin Sifen suka yi wa garin Breda na ƙasar Holan, ko don bangon ɗakin karatu ko don koyarwa a aji, zai tarar da kaya iri uku a kasuwa, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Ambrosio Spinola, kwamandan sojojin Sifen, ya kewaye garin a watan Agusta na 1624, bai ɓata sojoji wajen hawa ganuwa ba, ya dai toshe hanyoyin abinci har yunwa ta sa Justinus van Nassau, gwamnan garin, ya miƙa wuya a watan Yuni na 1625. Kafin ka fitar da kuɗi, ka san ko ranar miƙa wuyar kake son gani, ko kuwa yadda aka shaƙe garin wata tara.

Wanda ya fi yawa a hannun 'yan kasuwa shi ne kwafin zanen Velázquez, mai zane ɗan ƙasar Sifen, wanda ke gidan tarihi na Prado a Madrid. An zana shi tsakanin 1634 da 1635, shekara goma bayan aukuwar abin, kuma mai zanen bai halarci yaƙin ba. Justinus ne ke miƙa makullin gari, Spinola ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ga dogayen masu sun miƙe a bayan sojojin Sifen. Don ado babu kamarsa, amma ƙawanyar kanta hayaƙi ce kawai daga nesa. Asalinsa santimita 367 ne a faɗi, 307 a tsawo, don haka bugun 60 da 50 ya dace da shi. In aka cusa shi a 70 da 50, sai an yanke kusan santimita 9 daga sama ko ƙasa, kuma kawunan masun ne ke fara tafiya. Ka nemi hoton ainihin abin da za a aiko maka, ka duba masun sun fito da sararin sama a bisansu.

Mu a ganinmu, mai son fahimtar yaƙin aikin Jacques Callot zai nema. Gimbiya Isabella mai mulki a Brussels a madadin Sifen ce ta sa shi, ya sassaƙa shi a farantan tagulla shida, waɗanda in aka haɗa bugunsu suke ba da hoto guda na kusan santimita 120 da 140. A gaba ga mahaya da keken kaya da rayuwar sansani, a can baya kuma ƙasar ta shimfiɗu kamar taswira: garin da ganuwarsa mai kusurwoyi, kogin Mark, da ramuka da ƙananan sansanonin da Spinola ya zagaye garin da su, wasu na fuskantar mutanen ciki, wasu na tare masu kawo ɗauki daga waje. Da shi malami zai nuna wa ɗalibi dalilin da ya sa harin Frederik Hendrik, shugaban sojojin Holan, a ƙauyen Terheijden kusa da Breda, a watan Mayu na 1625, bai ɓalle zoben ba.

Sai dai wannan hoto ba ya jure ƙanƙancewa. Mutanen cikinsa ƙanana ne ainun, in aka matse shi a faɗin santimita 40 sai rundunoni su koma ɗige-ɗige. Kada ka saye shi ƙasa da faɗin mita ɗaya, kuma kada ka yarda a buga shi a kan yadi, domin saƙar yadin tana cinye siraran layuka. Takarda marar sheƙi yake so. Wata matsalar kuma, wasu na sayar da faranti ɗaya daga cikin shidan a matsayin cikakken hoto. A cikakken, sau da yawa ana iya gano layukan haɗi.

Na uku su ne taswirori, irin waɗanda ke cikin littafin Herman Hugo, malamin addinin da ke tare da Spinola, wanda aka buga a Antwerp a 1626, da na kundin biranen Joan Blaeu na 1649. Sun fi sauƙin karantawa a ƙaramin girma. Amma Breda ta sha ƙawanya fiye da sau ɗaya: Frederik Hendrik ya ƙwato ta a 1637, kuma masu sayarwa kan gauraya biyun. Ka karanta shekarar da sunayen da aka rubuta a kan sansanonin da ke kewaye da garin.

In tsohon bugu na asali aka yi maka tayi, ka shafa gefen hoton ka ji shatin da farantin tagulla ya bari, ka ɗaga takardar a haske ka ga layukan da ke jikin takardar hannu ta wancan zamani. Shafin da aka ciro daga kundi yakan zo da lanƙwasa a tsakiya. Layuka masu dusashewa alama ce ta bugun baya, bayan farantin ya gaji, kuma farashinsa ya kamata ya sauka.

Hanya mafi araha ita ce ka sauke hoton daga shafin intanet na gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam, wanda ke ba da tsofaffin zane-zanensa kyauta, ka kai wa mai bugu. Aikin layi yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato faɗin santimita 60 na bukatar fiksel kusan 7,000. Zanen fenti kuwa rabin haka ya wadatar, tunda daga nesa ake kallonsa. Injin buga fastar talla ba zai fitar da wannan aiki ba. Ka nemi takardar auduga mai nauyin giram 200 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, da tawadar da ba ta koɗewa a rana. Wajen sa firam, a sa kwali mai taga tsakanin takarda da gilashi don kada danshin damina ya manne su ya jawo funfuna, a liƙe bayan gaba ɗaya saboda ƙurar hunturu da gara, sannan a rataye shi a bangon da rana ba ta bugawa.